Wace caja ce ta dace da batirin karaban?

A Ingila, daga ƙarshen Oktoba har zuwa Maris, karaban da yawa a ajiye suke. Ɗakunan nan na tafi-da-gidanka da mota ke ja sai su yi wata biyar a ƙofar gida ko a filin ajiya, an lulluɓe su da tamfol, ba mai leƙa su. A cikin watannin nan ne batura da dama ke mutuwa, ba a kan hanya ba. Idan gari ya fara ɗumi mai shi ya zo ya danna makunnin fitila ya ga shiru, sai ya ɗora wa kamfanin batir laifi. Sau da yawa kuwa batirin ba shi da laifi, cajin da aka yi masa ne bai dace ba, ko kuma ba a yi masa ba sam.

Batirin karaban da na mota kamarsu ɗaya a ido, dukansu bolt 12 ne, amma aikinsu daban. Na mota yana ba da wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci don tayar da inji, daga nan altaneta ta mayar masa da abin da ya fitar. Na karaban kuwa a hankali ake zuƙarsa dare da rana: fitilu, famfon ruwa, fankar na'urar ɗumama ɗaki, talabijin, cajin waya. Shi ya sa farantan dalmar da ke cikinsa suka fi kauri, don su jure a sauke shi a sake cika shi sau ɗaruruwa. Yawancinsu suna tsakanin 75Ah da 110Ah, Ah kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Wanda ya san batirin inbata a Kano ko Maradi ya riga ya san wannan iyali, domin aiki iri ɗaya suke yi.

Hanyoyin da ake cika shi biyar ne: tsohuwar cajar mota ta gareji, cajar da aka haɗa a jikin karaban, caja mai matakai da ake saye daban, motar da ke jan karaban, sai kuma sola. Ba daidai suke ba, kuma ba kowacce ce ke iya aikin ita kaɗai ba.

Tsohuwar cajar gareji ita ce wadda ta fi saurin zuwa hannu, don kusan kowane mai mota yana da ita ko maƙwabcinsa yana da ita. Akwatin ƙarfe ne mai nauyi, da allura a gaba, yana gurnani idan an kunna. Aibinta ɗaya ne amma babba: ba ta san batir ya cika ba. Tana ci gaba da tura wuta, ƙarfin ya haura bolt 15, ruwan ciki ya fara tafasa yana fitar da gas. A batir mai murafu da ake buɗewa, ana iya ƙara ruwa a rage ɓarnar. A rufaffen batir irin AGM (wanda ruwansa ke jiƙe a cikin zaren gilashi) ko mai jel, ruwan da ya fita ya fita ke nan, babu hanyar mayar da shi. Dare ɗaya na mantuwa ya isa ya rage masa kwana. Idan dole ta sa, kuma batirin mai murafu ne, sai a tsaya a kansa da mitar auna bolt a hannu, a cire da zarar ya kai bolt 14.4 ya ɗan jima. Ban da haka, a bar ta a gareji.

Ta jikin karaban ta fi ruɗar mutane. Ka isa zango, ka jona shuɗiyar fulogin nan a sandar wuta mai bolt 230, wadda a yawancin zangunan Birtaniya amfiya 16 take bayarwa, wasu 10, fitilu suka kama, firji ya fara sanyi. Sai mutum ya ɗauka batir ma yana cika. A tsofaffin karaban da yawa, na'urar da ke ƙarƙashin kujera babban aikinta shi ne ciyar da kayan cikin ɗaki, saboda haka an tsayar da ita a wajen bolt 13.8. An yi haka da gangan, don kada batir ya yi ta fitar da gas a inda mutane ke kwana, kuma kada kayan wuta su ƙone. Matsalar ita ce batirin dalma yana bukatar kusan bolt 14.4 na wasu sa'o'i kafin ya cika har wuya. A 13.8 yakan kai wajen kashi 80 cikin ɗari ya yi ta jan ƙafa, kuma hutun ƙarshen mako ba ya isa ya ƙarasa. Sababbin karaban sun gyara wannan, da yawa suna zuwa da caja mai matakai a ciki. Hanyar ganewa ba wuya: a duba littafin karaban, ko a sauke batirin kaɗan, a jona wuta, a ɗora mita a kawunansa bayan sa'a biyu ko uku. Idan ya hau zuwa 14.2 ko 14.4 sannan daga baya ya sauko, mai matakai ce. Idan ya tsaya cak a 13.6 ko 13.8, to tsohon yayi ce.

Me ya sa kashi 20 ɗin da ya rage ke da muhimmanci? Duk lokacin da batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a jikin farantansa. Cikakken caji yana narkar da shi ya koma cikin ruwan. Idan aka bar shi makonni, sai ya daskare ya yi tauri, wurin da ya rufe kuma ya daina aiki. Batirin da kullum ake tsayar da shi a kashi 80 yana ƙanƙancewa a ɓoye. A jikinsa an rubuta 100Ah, amma bayan shekara biyu abin da yake riƙewa bai kai haka ba, kuma mita za ta nuna maka bolt mai kyau da safe, sai dare ya yi fitila ta dushe tun kafin a kwanta.

A nan caja mai matakai ta yi wa sauran fintinkau. Aikinta kamar cika buhun hatsi ne: da farko a zuba da sauri, idan ya kusa baki a girgiza a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya daina karɓa, sannan a ɗaure. A matakin farko tana ba da duk amfiyar da take da ita har batir ya kai bolt 14.4. A na biyu tana riƙe shi a wurin, wutar da ke shiga tana raguwa da kanta. Wannan matakin ne ke cin lokaci, shi ne kuma ke narkar da gishirin. A na uku sai ta sauko wajen 13.6, ko ta kashe kanta tana leƙawa lokaci-lokaci. Saboda haka ana iya barin ta a jone tsawon hunturu. Kamfanoni irin su CTEK na Suwidin, Victron na Holan da NOCO na Amurka duk suna yin irinta. Mafi yawansu ba sa sakin wuta sai sun ji batir a jone daidai, don haka ko an juya waya ba sa tartsatsi, sai dai jar fitila ta kama.

Amma sayen mai matakai kaɗai bai gama magana ba, sai an danna madannin da ya dace da irin batirin. Mai ruwa na gargajiya yana son 14.4. AGM yakan so ɗan sama, har 14.7, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Mai jel shi ne mara haƙuri a cikinsu, tsakanin 14.1 da 14.4 yake, idan aka zarce sai kumfar gas ta huda jel ɗin ta bar ramuka da ba sa cikewa. Cajar da ke da madanni ɗaya tak, ko wadda ba ta rubuta bolt ɗinta a ko'ina ba, ba ta cancanci kuɗinka ba komai arahar ta.

Akwai wani madanni da ya kamata a yi hattara da shi, wanda ake cewa yana farfaɗo da batir. A cajar CTEK MXS 5.0, misali, yana kai wuta bolt 15.8 da gangan don ya motsa ruwan ciki ya gauraya. Yana da amfani ga batir mai ruwa da ya daɗe a sauke. Sai dai bolt 15.8 ya yi wa kayan cikin karaban yawa, don haka ba a danna shi sai an raba batirin da wayoyin ɗakin gaba ɗaya. Ba a yi wa mai jel, ba a kuma yi wa batirin litiyom ko da wasa. Kada kuma a sa rai da yawa: batirin da ya yi wata shida a ƙasa da bolt 11 da wuya wani madanni ya dawo da shi yadda yake.

Sai girman caja. Ƙa'idar da aka saba bi a batirin dalma ita ce kashi 10 cikin ɗari na girmansa, ana iya kaiwa 20. Mai 100Ah ke nan yana son amfiya 10, ba zai ƙi 15 ba. Lissafin a fili yake: idan ya sauka rabi, 50Ah ake bin sa bashi. Caja mai amfiya 5 za ta yi sa'a 10 a takarda, a zahiri ta fi haka saboda matakin ƙarshe yana tafiyar hawainiya, sai a ce yini da wani abu na dare. Mai amfiya 10 za ta gama daga magariba zuwa asuba. Ƙananan nan masu amfiya ɗaya ko ƙasa da haka, waɗanda ake sayar wa masu babur, suna iya riƙe cikakken batir, amma ba su da ƙarfin cika wanda ya sauka. Wasunsu ma sukan gaji su nuna alamar matsala. A ganina mai amfiya 5 ta ishi wanda kawai yake son kula da batir a gida tsakanin tafiya da tafiya. Wanda ke dawowa ranar Lahadi ya sake fita ranar Juma'a, ko mai batir biyu a haɗe, ya sayi mai 10 ko 15 ya huta.

Mota fa? Mutane suna ɗauka tafiyar sa'a uku a babbar hanya za ta cika batir. Soket ɗin jan karaban mai ƙafa 13 da ake amfani da shi a Turai yana da waya ta caji: ƙafa ta 9 tana ɗauke da wuta kullum, ta 10 kuma sai inji na aiki, ita ce ke ciyar da firji. Amma daga gaban mota zuwa akwatin batir tafiya ce ta mitoci da yawa a siririyar waya, ga firji yana jan nasa, abin da ke isa batir kaɗan ne. Sababbin motoci sun ƙara dagula lamarin, domin altanetarsu tana rage ƙarfi da kanta don tsimin mai, wani lokaci har ƙasa da bolt 13, wanda ba ya cajin komai. Maganin shi ne wata na'ura da ake sakawa kusa da batirin karaban, ta karɓi duk abin da mota ta bayar ta ɗaga shi zuwa bolt ɗin da ya dace, da matakansa. Tana aiki sosai, amma sai an ja waya mai kauri da fiyus a kowane ɓangare, kuma aikin mai gyaran wuta ne. Wanda ke sauka a zango mai wuta kullum ba ya bukatarta.

Sola kuwa abokiyar ajiya ce. Faranti mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 a tsakar rana mai kyau a watan Yuni. A Disamban Ingila, rana gajeriya ce kuma a kwance take, ga gajimare, abin da yake bayarwa ɗan kaɗan ne, amma yakan isa ya rufe abin da ƙararrawar ɓarayi da na'urar bin sawu ke sha, in dai tamfol bai rufe shi ba. Ba a jona faranti kai tsaye, domin bolt ɗinsa yana kai 20 da ɗoriya. Dole a sa kwantirola a tsakani, na'urar da ke daidaita wutar kafin ta isa batir. Nau'in MPPT ya fi PWM tatso wuta, musamman a sanyi da gajimare, shi ma kuma sai an saita masa irin batirin.

Litiyom, nau'in LiFePO4 da ake sa wa karaban, ya canza lissafin duka. Mai 100Ah bai wuce kilo 12 ko 13 ba, na dalma kuwa yana kusan 25, kuma a karaban kowane kilo ana ƙirga shi. Ana iya shan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, alhali na dalma ba a son ya wuce rabi. Yana karɓar caji da sauri, mai 100Ah yakan ɗauki amfiya 30 ko 50 ba tare da damuwa ba. Ba ya kuma yin gishirin nan, don haka zama a rabi ba ya cutar da shi, hasali ma haka aka fi so a ajiye shi. Sai dai yana da sharuɗɗansa. Yana son caja mai saitin litiyom, tsakanin 14.2 da 14.6, ba tare da matakin farfaɗowa ba. Ba a cajinsa idan sanyi ya kai sifiri ko ƙasa, domin hakan yana lalata shi har abada, kuma akwatin batirin karaban a jikin bango yake ta waje, inda sanyin Janairu ke shiga. Masu kyau suna da na'urar tsaro a ciki da ke hana caji a irin wannan sanyi, wasu har da abin ɗumama kansu, amma ba duka ba, sai an karanta takardar. Sannan yana zuƙar duk wutar da caja za ta iya bayarwa na tsawon lokaci, tsohuwar na'urar jikin karaban kuwa ba a yi ta don haka ba, tana iya yin zafi fiye da kima. Wanda zai koma litiyom ya sa kuɗin caja da kwantirolar sola a lissafinsa tun farko. Ga mai fita sau uku a shekara zuwa zango mai wuta, ban ga ribar ba.

A Birtaniya, ƙungiyar masu sana'ar karaban, NCC, tana raba batura aji uku da ake gani a jikinsu. A na masu yawan kwana inda babu wuta ne, B na masu jona wuta amma suna da injin nan da ke tura karaban ya shiga wurin ajiya, C na masu ƙaramar bukata. Alamar tana taimakawa wajen zaɓen caja ma, domin mai aji A shi ne ke sauke batirinsa sosai, shi ne kuma ya fi bukatar caja mai ƙarfi.

Ko wace caja aka zaɓa, hatsarin batirin dalma ɗaya ne: gas ɗin haidurojin da yake fitarwa a ƙarshen caji. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma idan ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa akwatin batir a rufe yake ta ciki, yana da huda ta waje, kuma ba a haɗa shi da tukunyar gas. Idan batirin yana da ƙaramin tiyo na numfashi, a tabbata bakinsa yana waje. In an ciro shi an kai gida, gareji mai iska ya fi, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ba, ba kuma mai shan sigari a kansa.

Tsarin jonawa ba a sauya shi. Wajen cire batir daga karaban, a kashe wutar gida da komai na ciki, a fara kwance baƙar waya, sannan ja. Wajen caji, caja tana kashe, a maƙala ja a kan mai alamar +, baƙa a kan mai alamar −, sai a kunna soket a ƙarshe. In an gama, a fara kashe soket kafin a taɓa maƙalan. A cire zobe da agogon ƙarfe, domin sifana ɗaya da ta haɗa kawunan biyu tana iya yin ja wur nan take. Idan mai murafu ne, a leƙa ruwan kafin caji: ya rufe farantan, in bai rufe ba a ƙara tataccen ruwa, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Batirin da ya daskare da ƙanƙara, ko ya kumbura, ko ya tsage, ba a cajinsa.

Hanci da tafin hannu suna gano abin da mita ba ta faɗa ba. Bayan sa'a ɗaya ko biyu da fara caji, ɗora hannu a gefen batirin. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ya yi zafin da ba ka iya barin hannu, ko kana jin yana ɓararraka a ciki tun caji bai yi nisa ba, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashe daga soket, buɗe ƙofa, ka ba shi wuri ya huce. Batir mai bolt 12 a rarrabe yake ɗaki shida a ciki, galibi ɗaya daga cikinsu ne ya mutu, sai caja ta yi ta dura wa biyar wutar shida. Ko caja mai matakai tana iya faɗawa wannan tarko, tunda bolt ɗin da take jira ba zai taɓa zuwa ba. Wani abin da masu karaban suka sha gani: ƙararrawar gas mai guba ta kama kuka da tsakar dare alhali murhu a kashe yake. A fita waje tukuna, amma a duba batir ma, domin haidurojin yana tayar da irin wannan ƙararrawa.

Mita ta hannu ba ta da tsada, kuma ita ce alƙali. A auna bayan batir ya huta sa'o'i ba caji ba aiki. A na dalma, 12.7 cikakke ne, 12.5 ya sauka kwata, 12.2 rabi ne, 12.0 kuma ya shiga hatsari, a cika shi a ranar. A lokacin ajiya, a auna duk wata, kada a bari ya sauka ƙasa da 12.4. Wannan lissafi ba ya aiki a litiyom, wanda ke zama a wajen 13.2 kusan har ya ƙare. Shi sai da na'urar ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Zafi ma yana da nasa hukunci. Alƙaluman nan duka na zafin digiri 25 ne. A sanyi batirin dalma yana son bolt ɗan sama, a zafi ɗan ƙasa, shi ya sa caja mai auna zafin wuri ta fi. A Ingila wannan ƙarin alheri ne kawai. Ga mai batirin inbata a Sakkwato a watan Afrilu kuwa, inda ɗaki ke haura 40, caja da ta nace a kan 14.7 tana dafa batirin ne, kuma kowane ƙarin zafi na digiri 10 yana iya raba kwanansa biyu.

Ga wanda ke da batirin dalma ko AGM ɗaya mai kusan 100Ah, yana sauka a zango mai wuta mafi yawan lokaci, zaɓina shi ne caja mai matakai ta amfiya 10, mai madannin AGM daban, kuma in da hali mai saitin litiyom don gaba. Ya cika batirin da ita duk dawowa daga tafiya, ya ciro shi ya kai gareji idan hunturu ya shigo, sai dai in ƙararrawar karaban da inshora ta sharɗanta tana bukatarsa a wurin. A nan sola ko batir na biyu da za a riƙa musanyawa ita ce mafita. Wanda ke kwana a gonaki da tsaunukan Sikotilan inda babu sandar wuta, shi ne ya kamata ya kashe kuɗi a kan litiyom, da sola mai MPPT, da na'urar caji daga mota, kuma ya sa mai gyaran wutar karaban ya duba kaurin wayoyi da fiyus kafin a jona komai.